Idon Bikili na Dama

A Birnin Kebbi, idan ka tsaya gaban dokin wani ana saura 'yan kwanaki sukuwa, kalma ɗaya ake jira daga bakinka: tubarkalla. Ko dokin yana ɗingishi, ko ana ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin hanya, tubarkalla za ka ce, ka haɗiye sauran. Wanda ya ambaci aibin doki kafin a sake shi a fili, shi ya ɗora masa aibin. Haka mutanenmu suka ɗauka, kuma ba da wasa ba.

Ni kuwa shekara ashirin da shida na yi ina malamin dabbobi, aikin da ba komai ba ne sai ambaton aibi. Na ce wa wani shanunsa na da ciwon huhu, suka mutu. Na hana wani shayar da tumakinsa a wani tafki, ya shayar, suka mutu. Sannan matata Sadatu ta kwanta, 'yan'uwanta suka ɗauke ta zuwa gidansu a Zauro. Na je na ga idonta ya yi rawaya, na taɓa cikinta na ji abin da na ji, na fita zaure na gaya musu in ba a kai ta asibiti cikin makon ba, ba za ta ga girbin gero ba. Suka ce a ƙara kwana biyu da jiƙo. Na ji kunyar surukai, na koma gefe. Kwana biyu ya zama ashirin. Ba ta ga girbin ba. A wurin zaman makoki na ji ƙanenta yana raɗa wa na kusa da shi cewa ni na yi mata baki.

Tun daga ranar, ni Malam Hammadu na zama mutumin da ake matsa wa a tabarma fiye da yadda girmana ya kai. Na bar aiki, na koma ga littattafaina, na kuma sami abin yi da ba ya bukatar magana. Duk ranar sukuwa sai in je ƙarshen fili da agogon aljihu da ɗan littafi, in rubuta lokacin kowane doki da yadda ya yi gudu. Ba wanda ya sa ni. Ɗana ne ke hawa, shi ya sa.

Ɗa ɗaya Sadatu ta bar mini, Riskuwa. Ɗan fari ne, don haka a takarda kaɗai nake iya ambaton sunansa. A shekarar da aka karɓi mulkin kai yana da ashirin da huɗu, yana hawa wa Alhaji Dankure, mai fataucin shinkafa a unguwar Nasarawa, wani jan doki mai fararen ƙafafu da ake kira Bikili. Aka ce za a yi babbar sukuwa a Argungu cikin makon bikin mulkin kan, da kofi na azurfa. Daga kasuwa har masallaci, kowa ya riga ya ba Bikili kofin.

Kuma ba su yi ƙarya ba. Ga abin da littafina ya ce. Da ƙaramar Salla ya yi mil ɗaya cikin minti biyu da sakan huɗu, ya bar na biyu da tsawon doki uku. Da babbar Salla ƙasa ta jiƙe, ya yi minti biyu da sakan shida, Riskuwa ko bulala bai ɗaga ba. Wata Asabar cikin Agusta ya sauko minti biyu cif, ya dawo yana neman ciyawa kamar bai je ko'ina ba. Abokan karawarsa biyu ne abin kulawa. Akwai Akawal, baƙin dokin wani Sama'ila na Argungu, mai tashi kamar an harba shi, amma ƙarfinsa yana ƙarewa da an yi rabin tafiya. Akwai wani Gunya daga Gulma wanda ƙafarsa ta baya ke kumbura bayan kowane gudu. In lissafi ne, Bikili ya ci tun ba a ɗaura masa sirdi ba.

Sai dai a gefen shafi, sau uku, na rubuta abu ɗaya ban lura ba: yana karkatar da kai dama. A na Agusta na ƙara cewa wani doki ya biyo shi ta dama har ya kai kafaɗarsa, bai san da shi ba, sai da ya ga hancinsa sannan ya zabura. Da na haɗa layukan nan huɗu, na rufe littafin na tafi barga da hantsi, lokacin da ba kowa. Na tsaya gefen dama na doki, na ɗaga hannu a hankali zuwa idonsa, yadda ba zai ji iska ba. Bai ƙifta ba. Na zaga hagu na yi haka, ya fizge kai. Daga waje idon garau yake. Sai rana ta shiga ta gefe ake ganin wani fari-fari can ciki, kamar ɗigon nono a ƙasan ƙwarya.

Na yi shiru, domin filinmu na Birnin Kebbi hagu ake bi. Duk abin da doki zai kauce masa yana gefen idonsa mai kyau.

Saura kwana huɗu na hau motar kaya zuwa Argungu, in taka fili da ƙafata kamar yadda na saba. Sabon fili ne. 'Yan kwamiti sun kafa rumfa yadda rana ba za ta dami manyan baƙi ba, sun tsara dawaki su tashi daga bayanta, su bi dama, su ƙare a gabanta. Lanƙwasa biyu ce. Ta farko mai faɗi. Ta biyu an matse ta saboda wani rami da aka haƙi ƙasar gini. An jera duron kananzir a gefen ciki, an cika su da yashi, an shafa musu kore da fari irin na sabuwar tuta. Na sa ƙafa na tura ɗaya da iyakar ƙarfina. Kamar na tura gindin kuka.

Na daɗe tsaye a wurin. Na taɓa ganin doki ya daki kututture yana cikin gudu, tun ina sabon ma'aikaci. Abin da ya zauna mini ba jinin ba ne, ƙarar ce, da yadda mahayin ya kwanta wuyansa ya juya inda wuya ba ya juyawa. Kuma na san hawan ɗana. Da shafar duro yake cin sukuwa, har gwiwar wandonsa kan ɗauko fenti.

Washegari da safe na sami Riskuwa a bakin gulbi, ya tsayar da Bikili cikin ruwa iya gwiwa. Masunta na gyaran homa nesa kaɗan.

"Baba, kai na? Mi ya kawo ka tun yanzu?"

"Fili na zo gani. Na gani." Na matso. "Wanga doki ba shi gani da dama."

Bai razana ba. Masunta ya waiwaya ya duba.

"Rage murya, Baba, don girman Allah."

"Ashe ka sani."

"Tun bara." Ya shafa wuyan dokin. "Ni na idonai na dama. Tun da nij ji yadda anka tsara hili, kwana goma ina koya mai a fadamar Zauro. Tuluna nika jerawa ta dama. In munka kusa, sai in danna mai gwiwa in ce buɗe, shi buɗe."

"Tulu nawa ya fasa?"

"Huɗu. Da hwarko ke nan."

"Ranar ƙarshe fa?"

Ya dubi ruwa. "Guda."

"Tulu fashewa yake yi. Ka je ka taɓa duro ka ji."

"Baba, in Alhaji ya jiya, saida shi zai yi, ni ko in koma dashen albasa. Sukuwa guda ta rage. Ka bar ni in yi ta." Ya ja ragamar doki. "Kuma ka san abin da mutane ka cewa."

Shekara shida da rasuwar uwarsa, bai taɓa kusantar wannan magana ba.

"Har da kai?" na ce.

"Ni ban ce ba. Amma don Allah kada ka hwaɗi komi. Ka bari har a ƙare."

Kwana biyu na yi a masaukina abinci ba ya wucewa. Na sake lissafi ta kowace fuska ko zan sami inda na yi kuskure. Doki a wannan gudu yana cin taku goma sha biyar kafin mutum ya ƙifta sau biyu. Gwiwa tana iya makara. Murya tana iya ɓacewa cikin ihun mutane, abin da babu shi a fadamar Zauro. Wataƙila sau tara cikin goma su wuce lafiya. Na goman ne ya hana ni sakat, domin ɗa ɗaya gare ni, kuma na riga na san abin da jin kunya ya taɓa saya mini.

Ana gobe sukuwa, bayan la'asar, na tafi gidan da aka sauki Alhaji Dankure. Ƙofar gida cike, Bikili a turke an rataya masa layu, maroƙi na ta zuba masa kirari. Riskuwa na riƙe da ragama. Alhaji mutum ne mai jiki da fara'a, bai taɓa yi mini komai ba sai alheri.

"A'a, Malam mai agogo! Marhabin. A ba Malam wuri." Wurin kuwa an riga an ba ni, har ya yi yawa. "To, mi littahi ya ce? Da tsawon doki nawa za mu ba su kashi?"

"Littafi ya ce huɗu."

"Kun jiya? Boko ma ya sallama!" Aka fashe da dariya, maroƙi ya ƙara murya.

"In zai gani," na ce.

Dariyar ta mutu daga gaba zuwa baya.

"Alhaji, dokinka ba shi gani da idon dama. Filin ga dama ake bi. In anka sake shi gobe, zai daki duro a lanƙwasa ta biyu. Ka janye shi."

Wani ya ce a'uzubillahi. Wani ya tofar da yawu ta bayan kafaɗa. Wani dattijo ya tashi da sauri ya warware rawaninsa ya rufe fuskar dokin, kamar ina jifa da dutse.

"Ga shi nan a turke," na ce. "Ba sai ni ba. Mutum guda shi tashi, shi ɗaga hannu kusa da idon, ku gani da kanku. Ko minti ba za a yi ba."

Ba wanda ya motsa. Na karanta littattafai da yawa a kan dawaki, na Larabawa da na Turawa, babu wanda ya gaya mini abin da ya kamata in sani tun ina yaro: a wurinsu, gwada maganar karɓar ta ne. Wanda ya ɗaga hannu ya buɗe mata ƙofa.

Alhaji ya juya ga ɗana. Fara'ar ta tafi.

"Riskuwa, akwai abin da ad da idon dokin ga?"

"Lahiya lau yake, Alhaji." Bai dube ni ba.

"To, Malam, mun jiya. Allah shi maida kowace magana inda ta hito. A sauka lahiya."

Ina juyawa na ji wata murya daga baya: "Sadatu ba ta ishe shi ba."

Da safe labari ya iso ni. Ba a janye doki ba. Alhaji ya tuntuɓi tsohon da ke rubuta masa layu, tsohon ya ce baki jini yake bi. Maganar uba ɗanta take nema, in an ɗauke ɗan daga kan doki ba ta da wurin sauka. Aka wanke Bikili da rubutu, aka sauke Riskuwa, aka hana shi kusantar barga, aka ɗauko wani Kalilu, mahayi daga Gulma, siririn mutum mai 'ya'ya uku.

Zan faɗi gaskiya tun da ita ce sana'ata. Da na ji, sanyin daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na aika aka sayo fura, na zauna ina sha, karo na farko cikin kwana uku. Na kai rabin ƙwarya ludayi ya tsaya a hannuna. Kalilu bai taɓa ganin tulunan Zauro ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya san yadda ake zama idon dokin nan, kuma ni na sauke shi.

Na isa fili mutane sun cika shi maƙil, 'yan makaranta da tutoci, kalangu ta ko'ina. Na kutsa har inda mahaya ke wucewa. Ga Kalilu tafe da sirdi a kafaɗa.

"Kalilu! Tsaya ka ji! A lanƙwasa ta biyu ka..."

Da ya gane ni, sai ya ɗora sirdin a ka, ya cusa yatsu cikin kunnuwa biyu, ya ɗaga murya yana salati, yana tafe yana murmushi. Mutane suka yi masa tafi. Na bi shi ina ihu, buɗe shi, ka ba duro wuri, wasu ƙarti biyu suka tare ni da ƙirji.

"Haba tsoho, ba ka gaji ba? Jiya doki, yau mahayi?"

Na zaga ta bayan taro zuwa lanƙwasa ta biyu. A bakin igiya na tarar da Riskuwa, ya riga ni. Bai gaishe ni ba. Na gane abin da ya kawo shi. Doki ya san muryarsa.

Aka saki tuta. Na ciro agogo don hannuna ya sami abin riƙewa.

Akawal ya fita gaba kamar an harba shi, yadda na rubuta. Gunya ya tsaya baya yana tattalin ƙafarsa, yadda na rubuta. A lanƙwasa ta farko Akawal ne a ciki, Bikili na waje, jikin baƙin doki ya shiga tsakaninsa da duro, suka wuce. Na roƙi Allah, ni da ban cika roƙo ba tun rasuwar Sadatu, ya ƙara wa Akawal numfashi, ya ƙaryata littafina sau ɗaya tak. Da aka yi rabin tafiya wuyan Akawal ya fara sauka. Minti ɗaya da sakan biyu. Ban taɓa ƙin daidaituwar lissafi kamar ranar ba.

Bikili ya wuce shi kamar yana tsaye. Tsawon doki biyu, uku. Fili ya ɗauki ihu. Kalilu mahayi ne na ƙwarai, don haka ya yi abin da mahayi na ƙwarai ke yi idan gaba ta buɗe: ya kwantar da doki ciki, ya nemi gajeriyar hanya. Suka nufo mu. Na ga kan dokin ya karkata dama yana neman abin da ba ya gani.

Riskuwa ya haye igiya da rabin jiki.

"Buɗe! Bikili, buɗe! Buɗe!"

Ni da ke gefensa da ƙyar na ji shi.

Ƙarar irin waccan ce, ba ta sake ba. Duro bai gusa ba. Doki ya kifa ta ka, Kalilu ya tashi sama ya sauka a kan duro na gaba, sauran dawaki suka rabu biyu suka wuce su. Gunya mai kumburin ƙafa ne ya ɗauki kofin. Wannan kam littafina bai hango ba.

Ƙafar Bikili ta gaba ta karye biyu, a nan aka yanka shi. Riskuwa ne ya riƙe masa kai, ta gefen hagu, inda zai gan shi. Aka ɗauki Kalilu a kan ƙyauren ƙofa, cinya da ƙugu sun tafi, yana kiran uwarsa. Na matsa in duba shi, domin na san ɗauri fiye da duk wanda ke wurin. Mutane suka dare mini kamar na fito da wuta a hannu, masu ɗauke da shi suka ƙara sauri. Ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni da ya fi.

Ba wanda ya buɗe idon dokin ya duba. Na tambaya daga baya.

Sai da muka kwana bakwai a gida Riskuwa ya shigo zaurena. Ya tsuguna nesa, kusa da ƙofa.

"Da ni na bisa, da bai hwaɗi ba."

"Wataƙila."

"Ba wataƙila ba, Baba."

"Tulu guda," na ce.

Ya tashi ya fita. Ba mu sake tayar da maganar ba, kuma har yau ban san wanda ya fi gaskiya a cikinmu ba. Na san dai abin da na zaɓa, na kuma san da a ce an dawo da ni ƙofar gidan nan na Argungu, bakina zai sake buɗewa.

Shekara uku ke nan. Kalilu ya tashi, da sanda yake tafiya. In ya shigo Birnin Kebbi ya hango ni, yakan tsallaka hanya, kuma tsallakawar tana ɗaukarsa lokaci. Ba mai ba Riskuwa doki. Albasa yake dasawa a Zauro, da ƙafafunsa biyu, da wuyansa daidai. Duk Juma'a yakan zo gaisuwa. Wata rana ya yi tari a gabana, na ɗaga kai kawai, ya yi maza ya ce, "Lahiyata lau, Baba," ya miƙe tsaye.

Watan jiya matarsa ta haihu, mace, aka sa mata sunan Sadatu. Bayan suna ya kawo mini ita da kansa, a lulluɓe har ka. Ya daɗe kafin ya yaye zanen. Na karɓe ta, idona ya fara aikinsa ba da iznina ba: farin ido, leɓe, yadda ƙirji ke hawa da sauka. Da na ɗago, ba fuskata yake kallo ba. Bakina yake kallo.

Na ce tubarkalla. Na ji ya saki numfashi.